Asalin Hyde Park Gandu Ne, Ba Wurin Shan Iska Ba

Sau da yawa a majalisun hira na Sakkwato, musamman lokacin bazara da kowa ke neman inuwar dogonyaro, akan ji ana cewa Turawa sun keɓe manyan lambunansu ne domin talakawa tun ranar farko, kuma Hyde Park na birnin Landan ake kawowa misali. Wannan magana ba daidai ba ce.

Filin asalinsa gandu ne a bayan gari, mallakar majami'ar Westminster, mai dazuzzuka da makiyaya. A shekarar 1536 Sarki Henry na Takwas ya karɓe shi daga hannun malaman majami'ar, ya killace shi domin farautar barewa, ta yadda babu mai shiga sai shi da fadawansa. Duk wanda ya san gandun sarki a ƙasar Hausa zai gane irin wannan mallaka.

Sai a 1637, bayan shekara ɗari da ɗaya, Sarki Charles na Ɗaya ya buɗe shi ga jama'a. Ko wannan bai ɗore ba, domin a 1652, bayan an kawar da sarauta, majalisar dokokin Ingila ta sayar da filin, aka koma karɓar kuɗi a bakin ƙofa, har sarauta ta dawo a 1660.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kusurwar da kowa ke tsayawa ya yi jawabi. Ma'aikata masu neman haƙƙin zaɓe sun sha artabu da 'yan sanda a kan yin taro a lambun a 1866, kafin dokar 1872 ta halatta taro a wurin.