Tafiya wani birni don rabin gudun fanfalaki: tambayoyi da amsoshi

Mene ne rabin gudun fanfalaki, kuma me zai sa mutum ya hau jirgi don ya yi shi?

Tsawonsa kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato rabin cikakken gudun fanfalaki daidai. Tsawo ne da yake buƙatar atisaye na gaske, amma ba ya karya jiki yadda kilomita 42 suke yi, shi ya sa wanda ya gama da safe yake iya fita yawon ganin gari washegari. Ga kuma abin da ɗan yawon buɗe ido ba ya samu: ranar tsere ana rufe manyan tituna, babu mota ko ɗaya. A Lisbon ta ƙasar Fotugal, masu gudu suna tashi ne daga kan gadar 25 de Abril, gadar da ba a barin mai tafiya a ƙasa ya hau ta a sauran ranaku.

Wane birni ya kamata in zaɓa?

Ya danganta da abin da kake nema. In lokaci kake so ka rage, nemi hanya shimfiɗaɗɗiya da yanayi mai sanyi. Valencia ta Sifaniya ta yi suna a nan; a can ne Letesenbet Gidey ta Habasha ta gama cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a 2021, ta kafa tarihin duniya na mata. In kuwa taron jama'a kake so, akwai Great North Run a Ingila, wanda ɗan tseren Birtaniya Brendan Foster ya fara a 1981. Ana tashi daga Newcastle, a ƙare a bakin teku a South Shields, cikin watan Satumba. Sai dai ba kowa ke samun gurbi ba, ƙuri'a ake yi.

Akwai kuma jerin da ake kira SuperHalfs, wanda ya haɗa Lisbon, Prague, Berlin, Copenhagen, Cardiff da Valencia. Wasu suna bin su ɗaya bayan ɗaya har su cike shida. A ganina, a karon farko kada jerin ya ruɗe ka. Duba watan da ake yi, duba zafi ko sanyin garin a lokacin, sannan ka tambayi kanka ko jikinka ya saba da irinsa.

Yaushe zan fara shiri?

Rajista tukuna, don manyan tsere kan cika watanni kafin ranar. Bayan an tabbatar maka da gurbi sai biza, in kana buƙata, sai tikitin jirgi da masauki. Karanta sharuɗɗa da kyau, wasu ƙasashe suna neman shaidar lafiya. Atisaye kuwa, wanda yake iya gudun kilomita biyar ba tare da tsayawa ba yakan buƙaci kamar mako goma sha biyu.

Kwana nawa kafin tseren zan sauka?

Nan ne mutane da yawa suke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. Aƙalla kwana biyu, domin galibi ana karɓar lambar ƙirji, wato lambar da mai gudu yake maƙalawa a gaban rigarsa, kafin ranar tsere ne, ba da safiyarta ba. In akwai bambancin sa'o'i tsakanin inda ka fito da inda ka je, ƙara kwanaki. Jiki yakan ɗauki kusan kwana guda kafin ya daidaita da kowace awa ɗaya.

Babban tarkon shi ne yawo. Ka sauka sabon gari, ido ya ga abin kallo, sai ka wuni kana zagaya gidajen tarihi da kasuwanni, ka taka kilomita goma sha biyar ba ka sani ba. Washegari a kilomita na 14 ƙafafu su ce ba su san zancen ba. Ajiye yawon sai bayan tsere. Haka abinci: daren jajibiri ba lokacin ɗanɗana abin da cikinka bai sani ba ne.

Me zan sa a jakar hannu?

Takalmin gudu, kayan da za ka sa, agogo, da duk abin da ka saba ci yayin gudu. Babbar jaka tana iya makalewa a wani filin jirgi. Kuma kada ka sayi sabon takalmi a wajen baje kolin tsere ka ce da shi za ka fita gobe.

Ina ya fi dacewa in kama masauki?

Inda za ka iya takawa zuwa wurin tashi, ko kusa da tashar jirgin ƙasa, tunda tituna a rufe suke kuma tasi ba za ta kai ka ba. In wurin tashi da wurin ƙarewa suna nesa da juna, kamar na Newcastle, tsara hanyar dawowarka tun da wuri.

A ranar fa, yaya zan tafiyar da gudun?

Ihun 'yan kallo da kiɗa suna ɗibar mutum ya fara da saurin da ba nasa ba. Riƙe kanka a kilomita biyar na farko, ko da ana ta wuce ka. Sha ruwa kaɗan-kaɗan a wuraren da aka tanada. In ka kai kilomita 16 da sauran ƙarfi, to a nan za ka saki ƙafa.