Tallafa wa ƙungiyoyin masu larurar gani: tambayoyi da amsoshi

Ina ba makaho sadaka duk Juma'a. Wannan bai isa ba?

Allah ya ba da lada, kada a daina. Amma a dubi yaron da ke riƙe da kan sandar, ɗan jagoran nan mai shekara takwas ko tara, ƙafa duk ƙura, a daidai lokacin da sa'o'insa ke aji. Sadakar za ta ciyar da su yau, gobe kuma su dawo bakin titi su biyun. Ranar da aka cire wa dattijon yanar ido, ko aka koya masa tafiya da farar sanda, ranar yaron zai iya komawa makaranta. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai an haɗa hannu.

Ashe ana warkewa daga makanta?

Da yawa ana warkewa, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da mutum miliyan 1 'yan shekara 40 zuwa sama ba sa gani, kuma kusan kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya hanawa ne ko a magance. Yanar ido ce kan gaba. Aikinta ba ya daɗewa, washegari a cire bandeji, sai ka ga tsohuwa ta ƙura wa jikanta ido tana hawaye. Kuɗin aiki da na mota ne ke tsare mutane a gida, wasu har su kai idonsu wurin masu tura yanar da tsinke, a ƙarasa shi. Hawan jinin ido kuwa, abin da ya cinye ba ya dawowa, mai shi horo da sana'a yake buƙata.

Su wane ne ke wannan aiki?

Akwai makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato, tun 1953, da asibitin ido na ECWA a Kano, da ƙungiyar kula da lafiyar ido ta Sightsavers da ta daɗe tana aiki daga Kaduna, da Ƙungiyar Makafi ta Najeriya mai rassa a jihohi. Sai ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda su ne aka fi mantawa da su.

Me suka fi buƙata?

A tambaye su. Sau da yawa a kai buhun shinkafa alhali takardar birel (rubutun makafi da ake karantawa da yatsu) ce ta ƙare, ko allon rubutu da tsinkensa, ko ana neman waya mai karanta saƙo da murya.

Yaya zan gane ƙungiya ta gaskiya?

Je ka gani da idonka. Nemi takardar rajista da lissafin kuɗin bara, sannan ka duba ko akwai masu larurar gani a cikin shugabanninta. Inda babu ko ɗaya, ni dai ina jan ƙafa.

Idan ba ni da kuɗi fa?

Karanta wa ɗalibi littafi ka naɗa masa a waya. Kai maƙwabci gwajin ido. In kana ɗaukar ma'aikata, ka ba su dama. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Kuma in za ka taimaki mutum ya tsallaka titi, yi masa sallama tukuna, ka miƙa masa hannunka ya riƙe, kada ka ja masa sanda.