Waiwaye: Tsohon Bututun Ƙazanta Da Mutanen Da Ke Kwana A Kansa

Yawancin mazauna birane ba sa tunawa da bututun da ke kwashe musu ƙazanta sai ranar da katafila ta tsaya a ƙofar gida aka fara fasa kwalta. Kafin wannan rana, an ja ruwan bayan gida ya tafi, an wanke kwanuka ruwan ya bi ta makwarara, babu mai tambayar inda ya nufa. Alhali a birane da yawa bututun da ke wannan aiki ya girme wa kakannin waɗanda ke zaune a saman sa.

Magudanar ƙazanta tsohon abu ce. Garin Mohenjo-daro da ke Pakistan ta yau yana da magudanai na gasasshen tubali fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma babbar magudanar tsohuwar Rum, Cloaca Maxima, har yanzu ana ganin bakinta a gefen kogin Tiber. Amma tsarin da ake fama da tsufansa yanzu ɗan ƙarni na 19 ne, kuma annoba ce ta haife shi. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi sawun mamatan gida-gida har ya gano cewa famfo ɗaya suke sha a titin Broad, daga baya aka tarar da ramin masai na tsiyaya dab da rijiyar. Duk da haka ba a motsa sosai ba sai lokacin zafin 1858, da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a cikin zaurensu. Cikin 'yan makonni aka zartar da doka, aka damƙa aikin ga injiniya Joseph Bazalgette. Ya gina manyan magudanai masu tsawon kusan kilomita 130 da ke tare ƙazanta kafin ta faɗa kogi, da wasu ƙananan na tituna masu tsawon fiye da kilomita 1,700. Abin lura a nan shi ne, talakawa sun jima suna mutuwa, amma sai da warin ya kai hancin masu iko aka samo kuɗin.

Tun a wancan zamani makwabtan aiki ne ke ɗaukar nauyin da ba a rubuta a takardar kwangila ba. Birnin Chicago na Amurka a kan fadama yake, ƙasar ba ta da gangaren da ruwa zai bi. Da aka fara aikin magudanai a tsakiyar shekarun 1850, sai aka shimfiɗa bututun a sama aka cike da ƙasa, tituna suka ɗagu. Mai gida ya wayi gari ƙofarsa ta koma ƙasan titi. Masu hali suka sa aka ɗaga gine-ginensu da jak, marasa hali suka zauna a cikin kwari.

Me ke kashe bututu? Ba abu ɗaya ba ne, kuma ba dare ɗaya ba. Na yumɓu gasasshe yana daɗewa ƙwarai, amma gajeru ne ake haɗawa, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce ga saiwar itace. Saiwa siririya kamar zare take shiga neman laima, ta yi kauri a ciki har ta tsaga shi. Na kankare kuma daga sama yake ruɓewa: ƙazantar da ta kwanta tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyin bakteriya da ke manne a rufin bututun su mai da ita asid, asid ɗin ya dinga cin siminti har ƙarfen ciki ya bayyana. Na ƙarfe tsatsa ke gamawa da shi. A Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu an binne wa gidaje da yawa wani bututu mai arha da aka yi da niƙaƙƙen katako da kwalta, wanda da ya kwana biyu sai ya lotse. Ga nauyin manyan motoci da magina na farko ba su san za a yi ba. Ga kuma abin da mu da kanmu muke turawa. A 2017 an tarar da dunƙulen daskararren mai da tsummokin goge jiki a magudanar Whitechapel ta Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130, sai da ma'aikata suka shafe makonni suna farfasa shi.

Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ba ya yin wari. Idan bututu ya tsage, ƙasar da ke kewaye da shi takan riƙa zurarewa ciki kaɗan-kaɗan ruwa yana tafiya da ita. A sama kwalta lafiya lau, a ƙasa kogo ne ke girma. Ranar 24 ga Disamba 2016, a garin Fraser na jihar Michigan ta Amurka, wasu iyali suka farka da asuba suna jin gidansu na ƙara yana tsagewa. Babban bututun ƙazanta da ke can ƙasa ne ya rufta. An kwashe mutanen gidaje 22, uku daga cikin gidajen aka ce ba za su ƙara zaunuwa ba, an roƙi dubban ɗaruruwan mutane su rage amfani da ruwa, titin kuma kusan shekara guda yana rufe. A 2004 irin haka ta taɓa faruwa a kan wannan titi. A birnin Guatemala ma, a 2007, fashewar magudanar ƙazanta ta buɗe rami mai zurfin gaske a tsakiyar unguwa, aka rasa rayuka.

Saboda haka sauya tsohon bututu ba abin musu ba ne. Inda maganar take shi ne yadda ake yi da mutanen da ke wurin.

A tsohuwar hanya, haƙa ake yi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ramin yakan yi zurfi, don bututun ƙazanta a ƙasan na ruwan sha da wayoyin lantarki yake, kuma gangare yake bi. Mutane ba za su daina shiga bayan gida don ana aiki ba, shi ya sa ake toshe bututun a kafa injinan zuƙa, a shimfiɗa baƙar mesa mai kauri a gefen titi ta riƙa tsallakar da ƙazantar. Waɗannan injina ba a kashe su, dare da rana. Wanda ɗakin kwanansa ke fuskantar titi shi ya san ƙararsu. Da safe kuma ga faranti na ƙarfe ko katako an ɗora a kan ramin, ta nan tsohuwa mai sanda za ta tsallaka, ta nan uwa za ta ɗaga keken jariri. Motar kwashe shara ba ta shigowa, motar asibiti sai ta tsaya a bakin layi. Ƙura ta rufe taga, girgizar injin daddaɓe ƙasa ta sa bango ya fara darewa. Mai shago kuwa, idan masu saye suka saba da wata hanya cikin wata shida, ba dukansu ke dawowa ba. A ganina wannan asara ta masu ƙaramar sana'a ita ce aka fi rainawa, don ba ta barin tabo a jikin gini da za a nuna wa mai biyan diyya.

An samu sauƙi daga 1971, lokacin da wani Bature mai suna Eric Wood ya gwada wata dabara a Landan: a zura riga mai laushi da aka jiƙa da wani irin danƙo cikin tsohon bututu, a hura ta ta manne, a gasa ta har ta taurare. Sabon bututu ke nan a cikin tsoho, ba a fasa titi ba. Akwai kuma dabarar jan wani kan ƙarfe da ke farfasa tsohon yana janyo sabon na roba a bayansa. Yanzu ma kafin a taɓa komai, kyamara ake turawa ta leƙa ciki. Sai dai kowace dabara da iyakarta. Bututun da ya riga ya rufta ko ya lanƙwashe ba ya karɓar riga, wanda ya yi wa unguwa ƙanƙanta ma haka. Danƙon kuma yakan fitar da wari mai hawa kai da ke iya biyo makwarara ya shiga gida, musamman idan ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun bandaki ya bushe. Shi ya sa ake ce wa mutane su zuba ruwa a kowace makwarara kafin ranar aikin, idan an tuna an gaya musu.

Landan da kanta ta dawo kan maganar. Magudanan Bazalgette ruwan sama da ƙazanta suke haɗawa, jama'a kuma sun ninka, don haka da an yi ruwa mai ƙarfi sai su yi ambaliya cikin Thames. Aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin, aikin da aka fara a 2016 aka kammala haɗa shi a 2025. Unguwannin da aka kafa sansanonin haƙa a cikinsu sun yi shekaru da manyan motoci da shingaye.

Rigimar da ta fi daɗewa bayan an tashi daga aiki ita ce ta ɗan reshen da ya taso daga gida ya haɗu da babban bututu. Na wane ne? A biranen Amurka da dama na mai gida ne, wani wurin har tsakiyar titi. Sai a sabunta babban, a ce wa mai gida nasa ya lalace, ya gyara da kuɗinsa, shi kuwa bai taɓa sanin yana da shi ba. A Ingila da Wales an canza doka daga 1 ga Oktoba 2011, ɓangaren da ya fita daga harabar gida ya koma wuyan kamfanonin ruwa. Inda ba a fayyace wannan tun farko ba, mai gida da hukuma da ɗan kwangila kowa nuna ɗan'uwansa yake yi, ruwan ƙazanta kuwa yana tasowa a bandakin mutum.

Mazauna da suka sha wannan gwagwarmaya sun koyi wasu abubuwa. Suna ɗaukar hoton bangonsu da dakalinsu kafin katafila ta iso, da kwanan wata a jiki. Suna neman sunan mutum guda da lambarsa wanda za a kira da tsakar dare idan injin zuƙa ya mutu. Suna tambayar ranar gamawa a rubuce, da wanda zai dawo idan ƙasar da aka cike ramin da ita ta zauna. Takan zauna kuwa, sau da yawa bayan damina ta farko, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da kwashe kayansa, sai a ga kwaltar ta lotsa a tsawon layin daidai inda ramin ya bi.