Fitilar tankin murjani da zaman kifin Nemo: tambayoyin da ake yawan yi min a Jidda

Shekara biyar kenan ina da tankin ruwan gishiri a falona a nan Jidda, lita 250, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tsaya a gabansa kafin ya zauna, yara kam sai an janye su. Daga kallo sai tambaya, wasu har sun je sun sayi nasu suna kirana cikin dare wai kifi yana kwance a ƙasa. Shi ya sa na ce bari in tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa in amsa su wuri ɗaya, musamman maganar fitila da maganar haɗa kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari wanda kowa ke kira Nemo tun fim ɗin yara na 2003, Larabawa kuma su ce samakatul muharrij.

Yaya, ni kifi kawai nake so ba murjani ba, dole sai na sayi fitilar nan mai tsada?

A'a ƙanina, ajiye kuɗinka. Kifi bai damu da irin fitilar da ke kansa ba, shi dai ya san gari ya waye, dare ya yi. Ƙaramar LED mai fari da ɗan shuɗi ta ishe ka. Kuɗin ka zuba su a gishiri mai kyau da na'urar tace ruwan famfo da ake kira RO da abin auna gishiri. Fitila mai tsada ta murjani ce da animoni, wato dabbar tekun nan mai kama da fure da Nemo ke fakewa a jikinta, in babu su a tankin toh gansakuka kawai za ka noma da ita.

Toh shi murjanin ba dutse ba ne? Me zai yi da haske?

Wannan tambayar wani dattijo maƙwabcinmu ya yi min ita, na ce Baba ai dabba ne mai rai, dutsen da kake gani ƙashinsa ne da yake ginawa a hankali. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, ana ce musu zukzantili, su ne suke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganyen bishiya ke yi, sai murjanin ya ci daga ciki shi kuma ya ba su masauki. Kaga kenan fitila a wurinsa tukunya ce, in ta yi rauni yunwa, sai ka ga launinsa ya koma ruwan ƙasa yana miƙewa yana neman haske, in kuma ta yi yawa ko ruwa ya yi zafi sai ya kori baƙin nasa ya koma fari fat, in ba a yi sauri ba ya mutu.

Shuɗin da kuke gani kuma ba don ado kawai ba ne. Duk wanda ya taɓa nutso a Abhur, bakin tekun arewacin Jidda, ya san da ka sauka mita kaɗan jan launi yake fara ɓacewa, shuɗi ne yake ratsa ruwa ya kai ƙasa, don haka da shi murjani ya saba. Shi ya sa fitilun murjani suke tsakanin 14,000 zuwa 20,000 a ma'aunin launin haske na Kelvin, alhali farin ƙwan ɗaki irin na hasken rana yana wajen 6,500.

LED, T5 ko mital halaid, wanne zan ɗauka?

In a Saudiyya ko Sudan kake ni dai LED zan ce maka, kuma dalilina na farko zafi ne. Ruwan tanki ana so ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 27, mu kuma a garin nan in bazara ta shigo mukayyif, wato AC, yana aiki dare da rana ma da ƙyar ake riƙe shi a 27. Mital halaid, ƙwan fitila mai tsananin haske, tana girmar da murjani sosai, babu musu, hasken ta a cikin ruwa yana walƙiya kamar rana a teku, amma tana dafa ruwa tana shan wuta, dole ka haɗa ta da na'urar sanyaya ruwa wadda ita ma kuɗi ce kuma zafin da ta cire a falonka za ta zubar.

T5 dogayen ƙwayayen nan ne, haskensu yana baje ko'ina babu inuwa, murjani yana son su, sai dai duk wata tara zuwa shekara sai ka canja su ko da idonka yana ganin suna ci lafiya, saboda ƙarfinsu ya riga ya ragu. LED ba ta da wannan wahalar, tana shekaru, kana iya rage ta ko ƙara ta daga waya. Akwai sanannu irin su AI Prime da Hydra, da Radion, da Kessil, akwai kuma masu arha 'yan Sin waɗanda suke riƙe murjani mai laushi lafiya lau. Aibin LED shi ne haskenta yana taruwa a tsakiya, gefe ya yi duhu, don haka tanki mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya gara ƙanana biyu da babba ɗaya.

Af, in za ka yi odar kaya daga waje ka duba wuta, Saudiyya 220 ce amma 60Hz, Sudan kuma 50Hz. Yawancin fitilun LED suna karɓar duka biyun, amma wasu famfunan ruwa ba haka ba.

Wat nawa ya kamata in nema?

Bar maganar wat, shi yana gaya maka wutar da fitila ke sha ne, ba hasken da ya isa jikin murjani ba. Abin da masu harkar ke aunawa shi ne PAR, wato yawan hasken da murjani zai iya amfani da shi a wurin da yake. A ƙiyasin da aka saba, murjani mai laushi irin waɗanda ake kira zoa da mashrum da leda (leather) suna jin daɗi a 50 zuwa 150, masu ƙashi da manyan baki wato LPS irin waɗanda ake kira hama da toch su ma wajen nan, su kuma masu ƙashi da ƙananan baki wato SPS, masu rassa kamar akrofora suna neman 200 zuwa 350. Don haka kafin ka tambayi wace fitila, ka fara yanke shawarar me za ka ajiye, sannan zurfin tankin nawa ne, domin hasken da ke saman dutse zai iya ninka wanda ke kan yashi.

Anan ne na yi asarar da har yanzu take min ciwo. Na sayo wani toch kore mai kyau daga wani shago, a can yana ƙarƙashin fitila mai rauni, ni kuma sabuwar fitilata na sa ta a ɗari bisa ɗari na ɗora shi can saman dutse don a riƙa ganinsa. Kwana uku hannayensa suka daina fitowa, kwana goma na ga farin ƙashi yana leƙowa ta gefen baki, naman yana saɓulewa kamar auduga a ruwa. Na mayar da shi ƙasa amma an makara, kai biyu cikin uku suka tafi. Tun daga nan duk sabon murjani a kan yashi yake fara zama, sabuwar fitila kuma daga kashi 30 ko 40 nake farawa ina ƙara kamar kashi 5 duk sati. Ƙarancin haske yana ba ka makonni ka gyara, yawansa kuwa kwanaki ne. In ka san mai na'urar auna PAR ka roƙe shi aro ko na yini ɗaya ne.

Awa nawa zan bar ta a kunne?

Takwas zuwa goma, a lokaci ɗaya kullum, ka sa mata taima. Ni tawa tana tashi bayan azahar ta mutu wajen sha ɗaya na dare don mu samu kallo bayan isha'i. Ko da azumi da barci ya juya ban taɓa lokacin ba. Kuma dan Allah kar a ajiye tanki inda ranar taga ke dukansa.

Malam, Nemo guda nawa zan iya zubawa? Yarana biyar kowa yana son nasa.

Hajiya ki yi haƙuri, biyu ne, sauran yaran a saya musu wani irin kifi daban. Dalilin yana cikin halittarsu, ikon Allah ne da ke ba ni mamaki har yau. Babu Nemo da ake ƙyanƙyashewa mace. A cikin gungu wanda ya fi kowa girma da ƙarfi shi ne yake rikiɗa ya koma mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran kuma su zauna ƙanana ba sa haihuwa suna shan kora. In macen ta mutu mijin ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau matsayinsa. A teku wanda aka kora yana da wurin raɓewa, a cikin gilashi kuwa ina zai je? Za ki ga biyar ɗin suna zaman lafiya wata shida ko shekara saboda duk yara ne, ranar da biyu suka haɗa kai suka zama mata da miji sai su bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ki tarar da ɗaya ya maƙale a bayan famfo jela a yage, ko ya yi tsalle ya faɗo kan tayil, shi ya sa ma murfin raga yake da muhimmanci.

In za ki saya, ko dai ƙanana biyu a zuba su rana ɗaya, ko ɗaya babba ɗaya ƙarami sosai. Abin da ba a yi shi ne manya biyu, domin wanda ya daɗe shi kaɗai yawanci ya riga ya zama mace, kuma wadda ta zama mace ba ta komawa namiji, mata biyu kuwa sai ɗaya ta kashe ɗaya. Nau'in Nemo da ake kira oselaris shi ya fi sanyin hali, lita 80 ta ishi biyu, kuma a nemi waɗanda aka haifa a tanki, sun fi juriya sun saba da abincin gwangwani.

Na sayi biyu amma babban yana ta bin ƙaramin, in raba su?

Ka tsaya ka kalla tukuna. In babban ya taso sai ƙaramin ya karkata gefe jikinsa ya ɗauki rawa kamar wuta ta ja shi, toh alhamdulillah, wannan mubaya'a ce, yana cewa na yarda ke ce babba. Da na fara gani na ɗauka ciwo ne. Cikin sati ɗaya ko biyu za ka ga suna kwana kusurwa ɗaya. Amma in suna kama baki da baki, ko ƙaramin ya daina cin abinci, fiffikensa ya yayyage, ka sa babban a ɗan kejin roba cikin tankin na kwanaki, ƙaramin ya samu ya huta ya san gida, sannan ka sake gwadawa.

Zan iya haɗa mai ruwan lemo da baƙi, ko da jan nan mai duhu?

Baƙi da mai ruwan lemo in duk oselaris ne babu matsala, launi ne kawai ya bambanta. Jan mai duhu kuwa, marun, wannan ka rabu da shi in ba shi kaɗai ko shi da abokin zamansa za ka ajiye ba, macensa tana kai santimita 15 ko fi, tana cizon hannun mai gida ma balle ɗan oselaris. Haka nan na tekunmu na Bahar Maliya mai ratsi biyu, bisinktus, kyakkyawa ne ruwan ɗorawa, amma yana girma kuma yana da kishin wuri.

Dole sai da animoni?

Ba dole ba ne, suna rayuwa har su yi ƙwai ba tare da shi ba, nawa ma jikin wani murjanin leda suka mayar gida. A nan ne maganar fitila da maganar kifi suke haɗuwa, domin animoni shi ma da haske yake ci, yana son mai ƙarfi, kuma yana son tankin da ya kwana biyu, aƙalla wata shida ruwa ya daidaita. Wanda ya fi sauƙi shi ne mai kumburarren baki da ake kira babul tif. Yana da ƙafa, in wuri bai masa ba sai ya tashi yawo yana harbin murjanin da ya tarar a hanya, in famfo ba shi da rufi ya shige ciki ya niƙe ya ɓata ruwan gaba ɗaya cikin dare ɗaya. Sannan babu tabbacin kifin zai shiga, wani sai ya yi watanni yana wucewa ta gabansa.

Ga teku a Kornish, bakin ruwan Jidda, me zai hana in ɗebo ruwa da kifi kyauta?

Ɗan uwa kar ka fara. Cire murjani daga teku laifi ne a dokar muhalli ta ƙasar nan, kuma mu baƙi mun fi kowa sanin abin da matsala da hukuma ke jawowa. Ruwan ma gishirin Bahar Maliya ya kai wajen 40 cikin dubu, kifin shago kuma an saba masa da 35, wato 1.025 zuwa 1.026 a abin aunawa, ga dattin bakin gari. In kallon na teku kake so ka kai iyali gidan kallon kifi na Fakieh Aquarium a nan Jidda.

Yaya zan san sun zama mata da miji da gaske?

Za ka ga sun zaɓi wani dutse kusa da makwancinsu suna ta goge shi da baki kwana biyu ko uku, macen cikinta ya cika. Sai wata yamma ka ga ɗigo-ɗigo ruwan lemo a manne a jikin dutsen, namijin ya tsaya a kai yana musu fifita da fiffike yana tsince waɗanda suka lalace. A hankali launin ya yi duhu, wajen kwana bakwai ko takwas in ka matso da ido za ka ga ƙananan idanu masu sheƙin azurfa a cikin kowane ƙwai. A daren ne suke ƙyanƙyashewa, jim kaɗan bayan fitila ta mutu, don haka in kana son ka gani ka kashe famfo da wutar falo, ka jira kamar awa ɗaya, sannan ka haska gefen gilashin da ƙaramar tocila, za su taso wajen hasken.