Tambayoyi Kan Ƙirƙirarriyar Basira Mai Karanta Kod ɗin Manhaja

Me waɗannan kayan aiki suke yi takamaimai?

A ce an ɗauke ka aiki, aka damƙa maka manhaja mai fayil dubbai, waɗanda suka rubuta ta kuma sun daɗe da barin wurin. Da can sai ka ɗauko grep, tsohon umarnin nan da Ken Thompson ya rubuta a shekarun 1970, ka yi ta laluben kalma ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da GitHub Copilot, wanda aka fara gwajinsa a 2021, ko Cursor, ko Claude Code, tambaya kawai za ka rubuta: "A ina ake tantance kalmar sirri kafin mutum ya shiga?" Sai ya nuna maka fayil ɗin, ya kuma yi bayanin yadda aikin ke tafiya.

Haddace kod ɗin, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, gaba ɗaya suke yi?

Ina! Akwai iyakar rubutun da basirar ke iya riƙewa a lokaci guda, ga shi kuma ƙashin bayan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi kaɗai ya haura layi miliyan 30. Dabara ake yi. Wasu sukan yanyanka kod ɗin gunduwa-gunduwa, su mayar da kowace gunduwa jerin lambobi masu wakiltar ma'anarta. In ka yi tambaya, sai a zaɓo gunduwoyin da suka fi kusa da ita, a miƙa wa basirar ta karanta. Wasu kuwa da kansu suke bin sawu: su yi bincike, su buɗe fayil, su ga wane aiki (wato guntun kod mai suna da ke yin abu guda) ne ya kira wane, su sake buɗe wani.

To, za a iya dogara da amsarsu?

Nan ne gizo ke saƙa. Amsar ba ta wuce ingancin abin da aka zaɓo. A tsohuwar manhaja sau da yawa akan sami ayyuka biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya yana aiki, ɗaya an daina amfani da shi amma ba a goge ba. In aka ɗauko mataccen, zai zayyana maka shi tiryan-tiryan, ba tare da wata alamar shakka ba. Shi ya sa a ganina duk amsar da ba ta zo da sunan fayil da lambar layi ba, kada ka gina komai a kanta. Buɗe wurin ka gani da idonka.

Tambayar "me ya sa aka yi haka?" ta fi ba su wuya, domin dalilin ba kasafai yake cikin kod ba. Sai dai in an rubuta shi a tarihin git, wato manhajar da ke adana sauye-sauyen da aka yi wa kod, an kuma bar su su leƙa can.

Sirrin kamfani fa?

Yawancinsu suna tura kod ɗinka zuwa kwamfutocin wani kamfani ne. A 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba kod na sirri a ciki. Ka nemi izini tukuna, ka kuma tabbata babu kalmomin sirri ko makullan shiga a fayil ɗin da zai karanta.