Kwalara: Famfon Da Ya Ƙaryata Manyan Likitocin Landan

Jama'a, in damina ta kankama aka fara amai da gudawa a unguwa, za ku ga mu ma'aikatan lafiya muna bi gida-gida muna tambaya: a ina kuke ɗiban ruwa? Wasu har haushi suke ji. To, tambayar nan tana da tarihi.

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutum kusan 500 cikin kwana goma. A lokacin manyan likitoci da hukumar lafiya sun tsaya a kan cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo cutar. Haka suka gada, kuma ba a ja da babba.

Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya karɓi sunayen mamatan, ya bi gidajensu yana tambayar ruwan da suka sha. Sai ya ga yawancinsu daga famfo ɗaya suke ɗiba, na titin Broad. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa, mai mutum sama da 500, yana da rijiyarsa. Biyar kacal suka mutu a ciki. Ga kuma wata dattijuwa can nesa a Hampstead, wadda ake kai mata ruwan famfon kullum don daɗinsa take ji. Ita ma cutar ta ɗauke ta, alhali ko iskar unguwar ba ta shaƙa ba.

Aka cire hannun famfon. Duk da haka hukuma ta yi watsi da hujjar Snow, daga baya ma aka mayar da hannun. Abin burgewa shi ne wani limamin coci, Henry Whitehead, da ya tashi don ya ƙaryata Snow. Da ya bincika da kansa sai ya gano ruwan wankin ƙunzugun wata jaririya mai gudawa ne ya tsiyaya daga masai zuwa rijiyar da famfon ke jawo ruwa. Snow ya rasu a 1858, ba a kai ga gaskata shi ba.

Don haka ku duba rijiyarku. Nisanta da masai ya kai mita 30? In bai kai ba, a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi har a isa asibiti.