Tunkiya mai ƙiba ma tana iya ɗauke da ajalin ragon dutse

An daɗe ana ɗauka cewa dabbar daji ce ke kawo wa ta gida cuta, kuma tunkiyar da ke cin ciyawarta lafiya lau ba ta da abin da za ta shafa wa kowa. A tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, abin ya sha bamban. Tumakin dutse masu manyan ƙahoni su ne ke kwasar ciwon huhu daga garken gida.

Ƙwayar cutar sunanta Mycoplasma ovipneumoniae. Tumaki da awakin gida sun saba da ita, yawanci ko tari ba sa yi. Ragon dutse kuwa bai da garkuwarta. Lokacin barbara saurayin rago yakan yi nisa, ya tarar da garken makiyaya, a shinshini juna hanci da hanci, ya koma cikin 'yan'uwansa da ita. Ƙwayar tana kashe ƙananan gashin da ke share maƙogwaro, sai wasu ƙwayoyin su samu hanyar shiga huhu. A hunturun 2009 zuwa 2010 garkunan tumakin dutse sun yi ta mutuwa a Montana da Nebada da wasu jihohi.

Abin takaicin ma yana gaba: uwar da ta tsira takan riƙe ƙwayar shekaru, 'ya'yanta su yi ta mutuwa kowace bazara. Rigakafi mai inganci babu. Shi ya sa a 2010 hukumar dajin Payette a Idaho ta rage wuraren kiwon tumakin gida sosai, makiyaya suka yi ta ƙorafi, har kotu.